Daga Tubalan Scratch Zuwa Injin Ƙera Wasa: Abin da Ke Jiran Ɗalibi da Malaminsa

Jawabin da wani malamin kwamfuta, ɗan wannan reshe, ya gabatar a zaman ƙara wa juna sani na malamai da iyayen yara.

 

Maganar da aka ɗora mini ita ce ta yaron da ya ƙoshi da Scratch. Kusan duk makarantar da ke da ƙungiyar kwamfuta tana da irinsa, namiji ko mace. Ya ƙera wasa biyar ko shida, ya fi malaminsa saurin hannu, sai wata rana ya tambaya ko da me ake yin wasannin da ke cikin wayar babansa. Amsar da muke bayarwa a wannan rana ita ke yanke ko yaron zai ci gaba ko zai tsaya, kuma a lurata yawancinmu mukan amsa da ɗayan abu biyu: ko mu ce ya bari sai ya je jami'a, ko mu ambata masa sunan wata babbar manhaja mu bar shi da ita. Na farko yana kashe sha'awa a hankali, na biyu yana kashe ta cikin mako guda.

Saboda iyaye da malaman da ba fanninsu ba ne, bari in fara da bayani. Scratch manhaja ce ta koya wa yara ba wa kwamfuta umarni, wadda rukunin Mitchel Resnick na jami'ar MIT da ke Amurka ya fitar a 2007, aka sabunta ta a 2013, sannan fitowa ta uku ta zo a Janairun 2019. An tsara ta domin 'yan shekara 8 zuwa 16. Yaro ba ya rubuta umarni, jawo shi yake yi: kowane umarni tubali ne mai launi, ana harhaɗa su kamar gini, kuma tubalin da bai dace da wuri ba ba zai zauna ba. Kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba idan an sauke ta, kuma Hausa na cikin harsunan da aka fassara ta zuwa gare su. Asalin tunanin ya girmi Scratch da shekara 40, domin ya samo tushe daga harshen Logo na 1967 da aikin Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya yi imani cewa yaro ya fi koyo idan yana ƙera abin da ya damu da shi.

Injin ƙera wasa kuwa kayan aikin masu sana'a ne. Manhaja ce da ta tanadi abubuwan da kowane wasa ke bukata, wato zana hotuna a allo, fitar da sauti, karɓar taɓin yatsa ko maɓalli, lissafin faɗuwa da karo, sannan ta bar wa mai ƙira ya rubuta dokokin wasansa da haruffa. A ƙarshe tana fitar da wasan a matsayin manhaja mai cin gashin kanta, wadda za a ɗora a waya ko kwamfuta.

Tambayar farko ita ce yaushe ya kamata a ƙaura, kuma a nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Shekaru ba su ne ma'auni ba, aji ma haka. Ma'aunin shi ne yaron ya ci karo da bangon Scratch da goshinsa, har ya iya faɗin wane bango ne. Bangayen sanannu ne. Dandalin Scratch ɗigo 480 ne a faɗi, 360 a tsayi, ba ya ƙaruwa. Yana zana hoto sau 30 a daƙiƙa. Ba ya yarda kwafin abu mai motsi ya wuce 300 a lokaci guda, saboda haka mai son ruwan kibau ko garken tumaki dubu zai ga sun daina fitowa. Akwai kuma bango biyu da suka fi waɗannan muhimmanci ga malami, domin sun shafi tunani: jerin Scratch layi ɗaya ne tak, kuma tubalin da yaro ya ƙirƙira da kansa ba ya iya dawo da amsa.

Bari in nuna wannan da wasan da kowa a ɗakin nan ya sani, wato dara. A yadda aka fi yin ta, gida 30 ne, layi 5 kowanne da gida 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Yaron da ya so ƙera dara a Scratch dole ya miƙar da gidajen nan talatin su zama layi guda. Gidan da ke layi na 3, gurbi na 4, zai zama na 16, domin sai ya cire ɗaya daga uku, ya ninka da shida, ya ƙara huɗu. Na samansa shi ne na 10, na ƙasansa na 22. Sannan sai ya gano da kansa cewa gida na 6 da na 7, duk da suna bin juna a lissafi, ba maƙwabta ba ne a ƙasa, domin ɗaya yana ƙarshen layi, ɗayan yana farkon na gaba. Idan kuma ya so tubalin da zai tambaya ko an jera uku, ya amsa masa da i ko a'a, sai ya tarar babu hanya sai ta zagaye, ya ajiye amsar a wata ma'ajiya ya dawo ya duba. Yaron da ya yi wannan fama ya kai lokacin ƙaura. Ranar da aka nuna masa jeri a cikin jeri, da aiki mai dawo da amsa, zai karɓe su kamar mai ƙishi, domin ya san ciwon da suke warkarwa. Wanda bai taɓa wannan fama ba kuwa, ƙarin abin hadda kawai aka ba shi.

Wani lokaci abin da yaro ke so kawai shi ne ya ga wasansa ya fita daga cikin Scratch ya ba abokai. Wannan bai isa dalilin ƙaura ba. Akwai TurboWarp, wadda ke ɗaukar aikin Scratch yadda yake, ta ƙara masa sauri, ta ɗage iyakar kwafi 300, ta kuma naɗe shi ya zama fayil mai buɗuwa shi kaɗai. A ba shi wannan, a bar shi ya ƙara nuna.

Kada kuma mu ɗauka gwanintar tubali tana bin yaro kai tsaye zuwa rubutu. David Weintrop da Uri Wilensky sun gwada wannan a wata sakandare a Shikago: wasu ɗalibai suka yi mako 5 da tubala, wasu da rubutu, kuma masu tubala suka fi ci a gwajin ƙarshen makonnin. Da aka mayar da su duka kan harshen Java na mako 10, sai bambancin ya ɓace. Haka nan Efthimia Aivaloglou da Felienne Hermans na jami'ar Delft a ƙasar Holan sun bincika ayyukan Scratch kusan 250,000 a 2016, suka ga kaɗan ne ke amfani da tubalan da mai aiki ya ƙirƙira, kuma kwafe umarni iri ɗaya daga wuri zuwa wuri ya yi yawa. Abin da na ɗauka daga binciken biyu shi ne gadar ba ta gina kanta. Malami ne zai tsaya ya ce wa yaro: wannan layin da ka rubuta shi ne tubalin nan ruwan ɗorawa da ka sani.

Sai zaɓen inji. Sunan da yara suka fi ji shi ne Unity, wanda ya fito a 2005 daga Kofanhagan ta ƙasar Denmak, ana rubuta masa umarni da harshen C#. Inji ne mai ƙarfi, kamfanoni da yawa suna aiki da shi, kuma wanda ya iya shi yana da abin nunawa a kasuwar aiki. Wannan gaskiya ce da ba zan ɓoye ba. Amma yana cin gigabait da dama kafin a fara komai, yana bukatar rajista da asusu, kuma yana nauyi a kan irin kwamfutocin da ke ɗakunanmu. Unreal na kamfanin Epic ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, ba na ma kawo shi a lissafin makaranta. GameMaker, wanda malamin jami'a Mark Overmars ya fara a 1999, ya dace da wasanni masu shimfiɗaɗɗen hoto, kuma tun ƙarshen 2023 kyauta ne ga wanda ba sayarwa zai yi ba. GDevelop na Florian Rival, Bafaranshe, yana amfani da jadawalin sharaɗi da sakamako maimakon rubutu, ya kuma dace da yaron da hannunsa bai saba da kibod ba tukuna.

Ni dai Godot nake ba da shawara, kuma dalilaina na makaranta ne. Juan Linietsky da Ariel Manzur, 'yan Ajantina, su suka fara shi, suka sake shi ga duniya a 2014 ƙarƙashin lasisin MIT, wanda ke nufin kowa na iya amfani da shi, ya kwafa, ya raba, ya sayar da abin da ya ƙera, ba tare da biyan kowa ko sisi ba. Fayil guda ne, bai kai megabait 200 ba, ba ya bukatar a girka shi, ba ya tambayar asusu, ba ya neman intanet. Malami ɗaya zai sauke shi da datarsa, ya zuba a filash, ya zagaya kwamfuta ashirin kafin a tashi tara. Bayanin kowane umarni yana cikinsa, ana karantawa ko babu sabis. Yana da yanayin zane mai sauƙi da aka tanada domin tsofaffin na'urori, kuma akwai nau'insa da ke aiki a wayar Android, ko da yake rubutu a kan gilashin waya wahala ce sai an haɗa da kibod. Harshensa, GDScript, ya yi kama da Python ƙwarai, saboda haka wahalar da aka sha a kansa ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Batun lasisi ya cancanci mu ɗan tsaya, mu da muka san abin da ake nufi da a sauya wa ma'aikaci sharaɗi bayan ya fara aiki. A ranar 12 ga Satumba 2023 kamfanin Unity ya sanar cewa daga farkon 2024 zai riƙa karɓar kuɗi, har senti 20 na dalar Amurka, a kan kowace ɗorawa ta wasan da ya haura wani mizani, wato dala 200,000 a shekara da ɗorawa 200,000 ga masu ƙaramin lasisi. Abin da ya tayar da ƙura shi ne sabon tsarin ya haɗa har da wasannin da aka riga aka fitar bisa tsohon sharaɗi. Masu ƙira suka yi ca, kamfanin ya nemi afuwa ya sassauta cikin kwana goma, shugabansa John Riccitiello ya sauka a watan Oktoba, kuma a Satumban 2024 aka soke kuɗin gaba ɗaya. A cikin wannan hayaniya kamfanin Re-Logic, masu wasan Terraria, ya ba Godot gudummawar dala 100,000. Babu ɗalibinmu da wannan kuɗi zai taɓa shafa a lokacin, kuma kamfanin ya janye. Amma darasin yana nan: wanda ya kashe shekara uku yana koyon kayan wani, yana zaune ne bisa ga ra'ayin mai kayan, kuma Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Kwafin Godot da ke cikin filash ɗinka babu taron daraktocin da zai iya karɓe shi.

Yanzu ga abin da yaro zai tarar idan ya buɗe injin, domin a nan ake zubar da yawancinsu. A Scratch yana buɗewa ya ga kyanwa tana jiransa, ya jawo tubali ɗaya ta motsa. A Godot fili ne fayau, launin toka, da maɓallai barkatai. Duk abin da Scratch ke yi masa a ɓoye, yanzu sai ya ambace shi da sunansa. Kyanwar Scratch abu guda ce mai hoto da sauti da jiki da umarni. A Godot an rarraba ta gaɓa-gaɓa kamar rake: gaɓar jiki mai motsi, a ƙarƙashinta gaɓar hoto, da gaɓar siffar karo, da gaɓar sauti. Idan ya manta siffar karo, ɗan wasansa zai ratsa bango kamar aljani, domin injin bai san hoto ba, siffa ya sani. Tubalin nan na tambayar ko ana taɓa launi kaza, wanda yaranmu suka dogara da shi wajen gina katanga da ƙasa, babu shi sam. Idan an haɗa gaɓoɓin aka adana, sun zama ƙunshi guda da za a iya haifar da kwafinsa sau dubu, kuma a nan ne yaro zai gane dangantakarsa da kwafin da ya sani.

Malaman lissafi, wannan naku ne. A Scratch sifili yana tsakiyar dandali, kuma lamba tana ƙaruwa idan aka yi sama, daidai da abin da kuke koyarwa a kan takardar girafi. A Godot sifili yana kusurwar sama ta hagu, kuma lamba tana ƙaruwa ne idan aka yi ƙasa. Yaro zai rubuta umarnin tsalle ya ga ɗan wasansa ya nutse. Haka kuma ƙidayar jeri a Scratch daga 1 take farawa, a Godot daga 0, saboda haka gidan darar nan na layi na 3 gurbi na 4 zai koma layi na 2 gurbi na 3. Ƙananan abubuwa ne, amma kowannensu yana iya cinye darasi guda idan ba a faɗa tun farko ba.

Babban cikinsu shi ne lokaci. A Scratch yaro ya saba cewa a yi taku 10 a maimaita har abada, kuma tun da ana zana hoto sau 30 a daƙiƙa, abin yana tafiya taku 300 a daƙiƙa. Injin ƙera wasa ba ya yi masa wannan alkawari. A kwamfuta mai lafiya zai zana sau 60, abin ya yi taku 600. A tsohuwar kwamfutar da ke kusurwar ɗaki, wadda da ƙyar take kai 20, zai yi 200. Wasa ɗaya, gudu uku. Maganin shi ne injin yana miƙa wa mai rubutu wata lamba da ake kira delta, wato tsawon lokacin da ya wuce tun zanen baya, sai a ninka gudu da ita. Gudun 300 a ninka da ɗaya bisa sittin ya ba da taku 5. A ninka da ɗaya bisa ashirin ya ba da 15. A ƙarshen daƙiƙa duka sun yi 300. Wannan ba komai ba ne illa nisa daidai yake da gudu sau lokaci, abin da muke rubutawa a allo kowace shekara yara suna hamma. Ina roƙon malaman lissafi da na fiziks su leƙo ɗakin kwamfuta ranar da za a koyar da wannan, ko na minti goma ne.

Akwai kuma yadda sassan wasa ke magana da juna. Saƙon Scratch shela ce irin ta sanƙira a kasuwa: an faɗa, kowa ya ji, wanda abin ya shafa ya motsa. A wasa ƙarami wannan ya wadatar, amma idan saƙonni suka kai arba'in babu mai iya tuna wa ke sauraron wa. Siginar Godot ɗan aike ce, sai an haɗa mai aikawa da mai karɓa da gangan. Ta fi wahalar shiryawa, ta fi sauƙin bincike ranar da abu ya lalace.

Sannan kuskure. A Scratch ba a iya rubuta abin da kwamfuta za ta ƙi karantawa, saboda haka yaro bai taɓa ganin jan rubutu ba. A GDScript harafi babba a wurin ƙarami kuskure ne, mantuwar ɗigo biyu a ƙarshen sharaɗi kuskure ne, kuma tazarar da ke farkon layi tana da ma'ana, har idan aka gauraya tazarar maɓallin Tab da ta maɓallin sarari injin zai ƙi tashi. Saƙon kuskuren da Turanci yake zuwa, Turancin ma na masu sana'a. Yaron da aka saba yi wa jan biro a littafi yana ganin ja ya ɗauka an kāshe shi ne. Aikinmu a makon farko shi ne mu sauya wannan fahimta: mu lalata umarni da gangan a gaban aji, mu karanta saƙon da ƙarfi, mu fassara shi da Hausa, mu nemo lambar layin, mu gyara. Ina ba da shawarar kowace ƙungiya ta ajiye littafi guda na saƙonnin kuskure, duk wanda ya ci karo da sabo ya rubuta shi da ma'anarsa da maganinsa. Kuma a bar yara su sa wa ma'ajiyoyinsu suna da Hausa, maki, gudu, rai, domin injin bai damu ba, kuma hakan yana raba musu kalmomin da harshen ya tilasta da waɗanda su suka zaɓa.

Wani tarko da ke kama har malamai: Godot 4 ya fito a Maris 2023 da sauye-sauye masu yawa, alhali intanet cike take da darussan Godot 3. Gaɓar da a da ake kira KinematicBody2D ta koma CharacterBody2D, umarnin yield ya koma await, instance ya koma instantiate. Yaro zai bi bidiyo harafi da harafi, abin ya ƙi, ya yanke cewa shi ne ba shi da kai. A duba lambar fitowa kafin a bi kowane darasi, kuma makaranta ta tsaya a kan fitowa ɗaya har ƙarshen shekara.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce kada a fara da sabon wasa. Yaro ya ɗauko wasan da ya riga ya gama a Scratch, mafi ƙanƙanta, ya buɗe shi a gefe guda, ya sake gina shi a Godot. Ya san dokokin, yana da hotunan, ya san yadda ya kamata abin ya kasance, saboda haka abu ɗaya kawai yake koyo, wato sabon harshe. Zai ji haushi, domin abin da ya yi cikin awa biyu zai ɗauke shi mako uku, kuma ya kamata a gaya masa haka tun kafin ya fara. Bayan wannan sai darasin farko da ke cikin littafin jagoran Godot, na kauce wa dodanni, sannan dara. Mai son ya fara da wasan ƙwallon ƙafa mai 'yan wasa 22 da filin da ake juyawa, a lallashe shi. Wasan Aurion da kamfanin Kiro'o na Olivier Madiba ya fitar daga Yawunde ta Kamaru a 2016 aikin ƙungiya ne na shekaru, kuma yana da kyau yara su san wannan, su kuma san cewa a nahiyar nan aka yi shi.

Ƙananan abubuwan ɗakin kwamfuta kuma suna da nasu haƙƙi. Aikin Scratch fayil ɗaya ne, na Godot kuwa jaka ce mai fayiloli da yawa, wanda ya kwafi ɗaya ya bar saura ya tafi gida da iska. Ga ɗaukewar wuta, ga ƙwayar cutar da ke yawo a filash tana ɓoye jakunkuna. A koya musu adanawa kafin kowane gwaji, da ajiye kwafi mai kwanan wata a wuri biyu. Idan wasan zai yi rubutu da Hausa, a zaɓi salon haruffa mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, irin su Noto Sans ko Andika, duka kyauta ne. Fitar da wasa zuwa waya kuma yana bukatar ƙarin kaya masu nauyin saukewa, saboda haka a yi shi a kwamfuta ɗaya, ta malami.

Iyaye, ga naku. Dandalin Scratch na intanet yana da masu sa ido, an gina shi domin yara. Wuraren da masu Godot da Unity ke taruwa na manya ne, babu wanda ya tace su domin ɗan shekara 13. Ku san inda yaronku ke neman amsa, kuma ya fi kyau tambaya ta bi ta hannun malami. Sa wasa a kasuwar Google Play yana bukatar rajistar dala 25 da shekara 18, don haka duk wanda ya ce wa yaro ya turo kuɗi a sa masa wasa, a bincika. Hoto da waƙa kuma suna da masu su. Ɗaukar waƙar mawaƙi a sa a wasa ba da izini ba ya saɓa wa dokar haƙƙin mallaka, alhali akwai taskoki irin na Kenney da suka saki hotuna da sautuka kyauta ga kowa. Game da tsoron cewa wasa zai cinye karatu, tsoro ne mai tushe, kuma ni ma ina goyon bayan a rufe ƙungiya idan jarrabawa ta gabato. Sai dai ku bambanta mai buga wasa da mai ƙera shi. Ku ce ya nuna muku abin da ya rubuta, ya bayyana muku layi ɗaya. Idan ya iya, karatu yake yi.

Akwai abin da nake so mu lura da shi game da 'yan mata. A Scratch linzamin kwamfuta ake ja, kowa na iyawa. Da an koma rubutu, sai saurin bugun kibod ya zama jari, kuma wanda ke da kwamfuta a gida ko yake da 'yancin zuwa shagon intanet shi zai riga kowa. Idan yara uku suna kan na'ura ɗaya, kibod yakan ƙare a hannun mafi sauri, sauran su zama 'yan kallo, kuma mun san su wa aka fi bari a baya. A sa agogo, a riƙa musanya mai bugu kowane minti goma, mai sauri ya koma mai faɗa da baki.

Na zo kan abin da ya shafi ƙungiya. Duk abin da na lissafa aiki ne, kuma a yawancin makarantu ana yin sa ne bayan an tashi, da datar malami, da kwamfutar malami, ba tare da ya shiga jadawali ko ya rage masa ko darasi ɗaya ba. Ranar baje koli kuwa a kira baƙi a nuna musu wasan yara a matsayin nasarar makaranta. Ina roƙon reshe ya ɗauki wannan a cikin abubuwan da yake tattaunawa da hukumomin makarantu: sa'o'in ƙungiyar kwamfuta su shiga lissafin nauyin aikin malami, kuɗin data da na mai su fito daga makaranta, kuma kada a tilasta wa malamin da aka ɗauka domin koyar da sarrafa bayanai ya koyar da injin da ba a taɓa horar da shi a kai ba, sannan a auna shi da sakamakon. Horon ma ba sai mun jira wani kamfani ya zo da allon talla ba. A cikin reshen nan akwai waɗanda suka iya, kuma Asabar huɗu a ɗaki ɗaya mai wuta sun isa malami ya sake gina wasansa na farko. Ina kuma so a rubuta a fili cewa wasan da yaro ya ƙera nasa ne, da sunansa za a nuna shi, kuma yana da ikon tafiya da kwafinsa ranar da ya bar makaranta.

Na zo da filash guda biyu masu ɗauke da Godot 4 da Scratch na saukewa da haruffan da na ambata, suna wurin sakatare. Mai kwamfuta a jaka ya kwafa kafin ya tafi, wanda bai zo da ita ba ya rubuta sunan makarantarsa a takardar da ke zagayawa, za mu san yadda za a kai masa.